Mama Sufeto, Wadda Ta Kawo Kotu Cikin Ajinmu

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ga kiran Zainab, 'yar Mama Sufeto, daga gida. Ta ce, "Anti Rabi, Mama ta cika bayan sallar asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kashe wuta na zauna a ƙasa. Maigidana ya leƙo ya ga fuskata, ya ɗauki yara ya kai su makaranta da kansa.

Hajiya Talatu ce ta rasu. Mu da muka yi aiki a ƙarƙashinta, Mama Sufeto muke ce mata. Yawancinku da kuke bibiyata a nan ba ku san ta ba, kun san ni ne kawai da ƙorafin cunkoson jirgin metro da wahalar karatu a Alƙahira. To bari in faɗa muku ko wace ce.

Kafin in zo Masar, malamar firamare ce ni a Kwarin Gawo, wani ƙauye can arewacin jiharmu, dab da iyaka. Daga hedikwatar ƙaramar hukuma sai ka hau babur, ka sauka ka shiga kwalekwale, ka tsallake ka sake neman wani babur ɗin. Da damina kogin yakan cika har masu kwalekwale su ce yau ba za su fita ba. Ni kaɗai ce mace a cikin malamai, kuma ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba.

A wancan lokacin gwamnatin jiha ta buɗe wani ofis da zai riƙa sa ido kan makarantu da kotunan ƙauyukan nesa. Aka raba wa jami'ai yankuna. Namu na bayan kogi kowa ya kau da kai. Mama ta ce a ba ta. Ta riga ta yi shekaru tana shugabar makaranta, ta kuma yi difloma a fannin shari'a tana goyon autanta.

Ranar da na fara ganinta ina tsakiyar koyar da lissafi. Wata dattijuwa ta yi sallama ta shigo, zaninta a jiƙe har gwiwa, takalmi a hannu. Na ɗauka kakar wani yaro ce ta kawo ƙara. Ta yi mini alama in ci gaba, ta wuce can baya ta matsa tsakanin yara a kan benci.

Sai da aka tashi tara na ga hedimasta yana ta rawar jiki, sannan na gane ita ce sufeton.

Ta ja ni bayan aji inda ba mai jin mu. Ta ce, "Malama Rabi, sannu da aiki. Kin iya bayani. Amma 'yan gaba kawai kike kallo. Na baya ma iyayensu ne suka aiko su."

Shi ke nan faɗan. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake yi ba.

Kuma ita ce mutum ta farko da ta kira ni Malama a makarantar nan. Kafin ta zo, "yarinyar nan" ake ce mini a ɗakin malamai. Bayan ta tafi kowa ya gyara bakinsa.

Ba ta taɓa sanar da ranar zuwanta. Idan ta iso, ba ofishin hedimasta take fara shiga ba, makewayin 'yan mata take nufa. Ta ce yarinya da ta fara girma, idan ba ta da inda za ta kewaya cikin sutura, za ta daina zuwa, kuma ba za ta gaya wa kowa dalili ba. Sai da ta matsa aka kewaye namu da langalanga aka sa masa ƙofa.

Kullum akwai alli a jakarta. Akwai kuma ƙullin dambu da ƙuliƙuli, don ba ta cin abincin da aka yi dominta. Mai gari ya taɓa sa a yanka mata kaza. Ta yi godiya sosai, ta ce a kai wa wata mai jego a maƙwabta. Da muka keɓe ta ce mini, "Idan na ci kazarsu, gobe da wane baki zan ce rufin aji yana yoyo?"

Idan ruwa ya hana ta komawa, a ɗakina take kwana. Na yi na yi ta hau gado, ta ƙi. Tabarma take shimfiɗawa.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne a daminata ta biyu a ƙauyen.

Akwai wasu tagwaye a ajina, Hassana da Usaina, masu zama kusa da taga. Mama ta zo, ta zauna a baya kamar kullum, da aka tashi ta ce, "Ina 'yan biyun nan?"

Na gaya mata. Mahaifinsu, Malam Ɗanjuma, sun yi rigimar iyakar gona da maƙwabcinsa, har aka kai ga dambe, maƙwabcin ya ji ciwo a hannu. Aka kama Malam Ɗanjuma aka tsallaka da shi hedikwata aka ajiye, ana jiran ranar shari'a. Kotun da za ta saurari maganar a tsallakenmu take, amma alƙalin a birni yake zaune, kuma tun da ruwa ya sauka bai leƙo ba. Gona kuwa ba ta jira. Uwar yaran ita kaɗai ba za ta iya noman ba, shi ya sa ta cire su daga makaranta suna taya ta. In ba haka ba, gidan ba abin da za a ci baɗi.

Mama ta ce, "Tun yaushe yake can?"

Na ce, "Tun shukar fari."

A lokacin gero ya riga ya fara fitar da kai.

Ta ce in raka ta gonar. Muka tarar da uwar da yaran suna cire ciyawa, tagwayen suka gan ni suka sunkuyar da kai don kunya. Mama ta durƙusa ta gaida matar kamar wadda ta zo gaisuwar surukai. Matar ta ce, "Hajiya, ni ban ƙi karatu ba. A sako mini ubansu, gobe su koma."

Daga nan muka wuce gidan maƙwabcin. Hannunsa ya daɗe da warkewa. Ya ce shi wallahi ya yi nadamar kai ƙarar, tare suka tashi da Ɗanjuma, ya je kotu don ya ce ya yafe ya tarar da ƙofa a kulle, ya sake komawa haka, har ya gaji.

Ranar nan ruwa ya yi yawa, amma Mama ta tsallaka.

Abin da ya faru a birni magatakardan kotun ne ya ba ni labari daga baya, don a gabansa aka yi. Har gida ta sami alƙalin. Ya ce kogi ya cika, ga shi kuma rufin kotun ya faɗo, ba inda za a zauna.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma ta kogin na biyo, ga ni a gabanka. Idan rufi ne, ina da aji."

Ya ce mata ita ba shugabarsa ba ce.

Ta ce, "Gaskiya ne. Ni aikina in gani in faɗa. Na fi so in faɗa cewa ka je."

Ya je.

Ranar Asabar kotu ta zauna a cikin ajina. Muka matsar da bencin yara gefe, alƙali ya zauna a kujerata, allo a bayansa da sauran darasin jiya ban goge ba. Duk garin ya taru a tagogi. Ɗan sanda ya shigo da Malam Ɗanjuma, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Yana shigowa idonsa ya faɗa kan 'ya'yansa a bakin ƙofa, sai ya juyar da kai.

Maƙwabcin ya tashi ya ce ya yafe. Dattawa suka ce za su fita su tsayar da iyakar a gaban kowa. Alƙali ya yi wa mutanen biyu nasiha, ya sallami Malam Ɗanjuma. Duk abin bai kai tsawon darasi guda ba. Mutum ya kusa cinye damina a tsare saboda wannan.

Da mutane suka ga kotu ta samu, sai masu jira suka fara fitowa. Wata da mijinta ya rasu ana ta ja mata rai kan rabon gado, wasu makiyaya da manomi, har da maganar wata rijiya. Sai la'asar aka tashi.

Mama tana zaune a baya har aka gama. Da alƙali zai tafi ta raka shi har bakin ruwa, ta yi masa godiya a gaban jama'a.

Abin ya tsaya mini a rai. A hanyarmu ta dawowa na ce, "Mama, mutumin da ya bar bawan Allah a kulle duk tsawon nan, shi kike yi wa godiya?"

Ta ce, "Ina so ya dawo, Malama Rabi."

Amma a rahotonta ba ta rage komai ba. Ta faɗi tsawon lokacin da kotun ta yi a kulle, da abin da hakan ya jawo wa gida guda. Ashe alƙalin yana da nasa mutanen a sama. Kafin ƙarshen shekara aka yi wa Mama transfa zuwa sito, inda ake ajiye kujeru da littattafan makarantu. Ta yi shekaru a can.

Na je na same ta a sito ɗin ina kuka. Ta ce, "Ke, share hawayenki. Yanzu ni ce mai kujeru. Benci nawa ne ya karye a ajinki?" Makarantun bayan kogi ba su taɓa samun kayan aiki kamar a waɗannan shekarun ba.

Kotu kuwa ta ci gaba da zama a ajin nan duk damina, har aka gyara gininta. Tagwaye sun dawo makaranta a satin da aka saki ubansu. Hassana yanzu tana aikin lafiya a wani ƙauye kusa da nasu. Usaina ta yi aure bayan sakandare, tana ɗinki. Kwanan nan ba mu yi magana ba, amma na san yau gidansu ma ana zaman makoki.

Lokacin da maigidana ya samu gurbin karatu a nan, ni ma aka ce akwai dama ga mata, mahaifina ya ce ƙasar ta yi nisa. Mama ce ta hau mota ta je ta same shi. Ban san me suka tattauna ba. Da ta fito ta ce, "Je ki nemi fasfo."

Bara ta zo Alƙahira neman magani. Zuciya ce. Zainab ta kama musu gida a unguwar Hadayek el-Maadi, ni kuma na zama tafinta, don a nan duk mai zuwa asibiti daga gida sai ya nemi ɗalibin da zai tsaya tsakaninsa da likita.

Na yi wa mutane da yawa wannan aikin, amma ban taɓa jin nauyinsa kamar ranar da sakamakon gwaji ya fito ba. Likitan ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce da Larabci, zuciyar ta yi rauni sosai, aiki ba zai yiwu ba, in an shiga da ita ba lallai ta fito ba. Magani kawai za a ba ta, ta koma gida cikin iyalinta. Ya dafa tebur ya ce, "Ma'alish, ya Hajja," wato ta yi haƙuri.

Zainab tana kallona. Mama tana kallona. Na buɗe baki na fara cewa likita ya ce a ɗan jinkirta tukuna.

Mama ta kama hannuna. Ta ce, "Malama Rabi, faɗa mini yadda ya faɗa. Kar ki gyara rahoton."

Na faɗa mata duka.

Ta ce, "Alhamdulillahi. Ki ce masa na gode da bai ɓoye mini ba." Ita ce ta riƙa lallashin Zainab a cikin tasi har muka isa gida.

Ana sauran 'yan kwanaki su tafi, na tambaye ta ko akwai inda take son gani. Na zaci za ta ce dalar Masar ko manyan masallatai. Ta ce, "Kin ce kina koyarwa a wata makaranta. Kai ni."

Makarantar a unguwar Arba wa Nus take, ta 'ya'yan mutanen Sudan da yaƙi ya koro. Hawa biyu ne na wani tsohon gini. Mai riƙe da ita Hajja Nafisa ce, Bahaushiyar Sudan, kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Ina zuwa in taimaka musu da ajin yara mata idan ba ni da lacca.

Zainab ta ce sam, likita ya hana wahala. Mama ta ce, "Likita ya hana gudu ne, ni kuwa a hankali zan tafi."

Tasi ya kai mu bakin unguwa, muka shiga tuktuk, wato adaidaita-sahunsu, cikin lunguna. Matakalar nan sai da ta huta a kowane kwana, tana riƙe da kafaɗata. Da muka isa ta nemi wuri cikin yara ta zauna. Ba ta jin Larabcin da ake koyarwa da shi, amma ta saurara har aka gama.

Bayan nan suka zauna da Hajja Nafisa ana shan shayi. Hausar Hajja rabi Larabci ce, amma sun fahimci juna sarai, har da dariya a kan yadda kowacce take kiran kayan miya.

Can Mama ta ce, "Wa ke zuwa duba ku?"

Hajja ta ce, "Ba kowa. Mu ke duba kanmu."

"Idan aka tsare uban yaro saboda takardar zama, wa kuke faɗa wa?"

Hajja ta ɗaga hannu sama. Ta ce, "Shi. Daga nan sai mu bi ofis-ofis."

Mama ta jinjina kai. Ta tambayi yara nawa ne suka daina zuwa a bana, da dalilin kowane. Hajja ta fara ba ta labarinsu ɗaya bayan ɗaya, har shayi ya huce. Daga baya Hajja ta ce mini, tun da ta buɗe makarantar nan baƙi suna zuwa su ɗauki hoto, amma ba wanda ya taɓa tambayarta waɗanda ba sa cikin hoton.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da hantsin ranar da za su tashi ne. Na je taya su haɗa kaya. Ta tattara sauran yaji da daddawa da kuka da ta zo da su daga gida, ta ƙulle mini a leda. Ta ce, "Na ga abin da kuke kira miya a ƙasar nan."

Sannan ta tambaye ni ko zan koma gida in na gama.

Na gaya mata gaskiya. Maigidana ya samu aiki a nan, yara sun saba, ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Na yi tsammanin za ta tuna mini da duk abin da ta yi mini.

Ta ce, "Ba zan ce ki koma ba, ba zan ce ki zauna ba. Ku yi shawara da mijinki, ku yi istihara. Aikin dai bai ƙare a ko'ina ba."

Muka sauko da ita a hankali. Mai gadin gidan ya sa jakunkuna a but. Ta shiga tasi, na riƙe ƙofar na kasa rufewa, don ni da ita duk mun san ba za mu sake ganin juna ba. Ina jira ta yi mini wata doguwar wasiyya.

Ta ce, "Ki gaida Hajja Nafisa. Ki ce mata tagar ajin nan na sama ba ta da ƙarfe. Yaro zai iya faɗowa."

Direba ya ce yalla, wato mu je, suka tafi.

Na yi watanni ina shiga ajin nan ban taɓa lura da tagar ba. Hajja ma haka. A satin muka kira mai walda, sai dai an daɗe kafin aikin ya kammala.

Bayan ta koma mukan yi magana jefi-jefi, muryarta tana ƙara yin ƙasa. Saƙonta na ƙarshe gajere ne: "An sa ƙarfen?" Na tura mata hoton tagar, yara sun leƙo ta tsakanin sandunan suna dariya. Ta amsa da kalma ɗaya tak da ta koya a Masar, wadda ke nufin ya yi daidai.

"Tamam."

Zainab ta ce yau ta yi sallarta a zaune, ta ce a gyara mata filo, ta kwanta a gefen dama. Ba ta wahala ba. An yi jana'izarta kafin azahar.

Ya Allah, ga baiwarka Talatu ta zo gare ka. Ta bi bayinka har inda ba a zuwa, ta tambayi halin da suke ciki. Ka yi mata rahama, ka yafe mata kurakuranta, ka sauƙaƙa mata tambaya, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ka ba Zainab da 'yan'uwanta haƙurin rashinta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

'Yan'uwa mata da ke nan Alƙahira, za mu taru a gidana bayan la'asar mu yi mata addu'a, Hajja Nafisa ma tana hanya.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ko ba ku taɓa ganinta ba, don Allah kar ku wuce haka. Ku tsaya ku ambaci sunanta, Talatu, ku roƙa mata gafara.